Allura Ta Hau Ja: Zafin Inji da Matsalar Oyil-Kula a Hanyar Birnin Gwari

Jama'a masu sauraro, ga mu a filinmu na direbobi da kanikawa. Gaisuwa ta musamman ga 'yan tashar Birnin Gwari, masu jigilar Kaduna da masu Funtuwa da masu yankawa Tegina da Kontagora, da yaran mota da ke ɗaurin kaya yanzu haka, da iyayen gidanmu kanikawa da 'yan rewaya da masu gyaran lagireto. Allah ya ba da sa'a, ya tsare hanya.

Yau maganar zafin inji za mu yi, abin da 'yan tasha ke cewa mota ta yi obahitin. Za kuma mu daɗe a kan wani ɗan ƙarfe da direbobi da yawa ba su ma san yana jikin motarsu ba, wato oyil-kula, abin da ke sanyaya baƙin mai. Saboda wannan ɗan ƙarfe an sha sauke inji mai lafiya, a ɗora wa gasket laifin da bai ji ba bai gani ba, mai mota ya biya kuɗin aiki, ciwon kuma yana nan inda yake.

Daga Kaduna zuwa Birnin Gwari kusan kilomita 120 ne, ta Buruku da Udawa. In ka ji lissafin sai ka ce ai kusa ne. Amma duk wanda ya riƙe sitiyari a hanyar nan a shekarun baya ya san yadda abin yake. An yi lokacin da sai an taru an jira rakiyar sojoji. An yi lokacin da direba ba ya ɗaga ƙafa daga totur sai ya hango gari, domin babu mai son tsayawa a tsakiyar daji. Tun ƙarshen 2024, da aka yi sulhu da 'yan bindiga, Gwamnan Kaduna Uba Sani ya zo ya sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, manyan motoci suka dawo ɗaukar shanu da masara, hanya ta yi sauƙi. Allah ya ɗorar da zaman lafiya. Sai dai har gobe dajin nan daji ne. Gandun Kamuku kaɗai, wanda ya zama gandun ƙasa a 1999, ya haura murabba'in kilomita 1,000, ga Kuyambana ta Zamfara a maƙwabta. Idan mota ta mutu maka a irin wannan wuri, babu gareji, babu mai sayar da ruwa, wani wurin ko sabis ɗin waya babu.

A ƙasashen waje, masu motocin tsere su suka fi kowa sa ido a kan zafin inji. Dattawan direbobi za su tuna Peugeot 504. A 1975, shekarar da aka fara harhaɗa ta a Kaduna, ita ta lashe gasar Safari ta ƙasar Kenya. A 2019 kuma Hilux ce ta ci gasar Dakar a hannun Nasser Al-Attiyah, mutumin Katar. Irin waɗannan motoci ana yi musu lagireto na musamman, a ƙara musu oyil-kula babba, a sa musu agogon zafin ruwa daban, na zafin mai daban, ga injiniyoyi na jiran su a kowane zango. To, malam direba, Golf ɗinka da ka cika da fasinja, ka danna buhuna a but har ba ya rufuwa, ka take ta a watan Afrilu da zafi ke doshin digiri 40, wahalar da injinta ke sha ba ta da nisa da ta motar tsere. Taka kuwa tsohuwa ce, ta gama aiki a Turai kafin ta iso hannunka, injiniyanta kuma daga kai sai yaronka.

Mu fara da inda zafin yake fitowa. Man da inji ke ƙonawa, fetur ne ko gas, wajen kashi ɗaya cikin uku ne kawai yake zama ƙarfin da ke juya taya. Kashi ɗaya yana fita ta salansa. Ragowar yana nan a jikin ƙarfe, kuma tilas a kwashe shi. Ruwa ne ke kwashe mafi yawa: wata-famfo ta tura shi ya zagaya cikin bulok da tof, ya ɗauko zafi ya kai lagireto, iska ta busa, ya huce, ya koma. Baƙin mai shi ma yana kwasar nasa kason, daga ƙasan fistin da metal, wuraren da ruwa ba ya kaiwa. Ku riƙe wannan, za mu komo kansa.

An ƙera inji ne ya yi aiki a wajen digiri 90. Ruwa a tukunya yana tafasa a digiri 100, kun ga tazarar ba yawa. Abin da ke ba shi sarari shi ne murfin lagireto. Duba saman murfin, a motoci da yawa za ka ga an buga 0.9 ko 1.1. Wannan ƙarfin matsin da murfin ke riƙewa ke nan, kuma da shi ruwa ba zai tafasa ba sai ya kai wajen digiri 120. Idan robar murfin ta tsage, ko sifirin ɗinsa ya saki, ruwa zai tafasa da wuri, ya riƙa amai ta ƙaramin tiyon gefe, alhali lafiyar inji ƙalau. A duk kayan sanyaya inji babu mai araha kamar murfi, babu kuma wanda aka fi mantawa da shi. Mai Golf da mai Sharon, ku murfinku yana kan robar ruwa, aikinsu ɗaya.

Yanzu idan direba ya shigo gareji ya ce, oga, motata tana zafi, bakaniken kirki ba ya ɗaukar sifana tukuna. Tambaya yake yi: yaushe take zafin? Amsar wannan tambaya ita ce rabin gyara.

Idan direba ya ce, a kan hanya lafiya lau, amma da na tsaya a shingen bincike ko na shiga cunkoson ranar kasuwa sai allura ta fara hawa, to iska ce ba ta isa. Da gudu iskar hanya ce ke sanyaya lagireto, a tsaye kuwa fanka ce. A duba fanka: fis, rile, suwic ɗin da ke tayar da ita, wayoyin da suka ci wuta. A tabbata kuma tana juyawa ta inda ya dace, domin an sha haɗa waya a juye, fanka ta riƙa tura iska gaba maimakon ta ja ta ciki. Masu Hilux da Hiace waɗanda fankarsu ke bin fambel, akwai kuloci a tsakiyar fankar mai wani mai na musamman a ciki. Idan ya tsiyaye, fanka tana juyawa a ido amma ba ta jan iska. Ka kashe inji yana da zafi, ka juya ta da hannu. In ta yi ta wulwulawa babu ɗan tauri, ta gama aiki.

Idan kuwa ya ce, a gari ba ta yi, sai na ɗauki lodi na hau titi ina gudu, ko ina hawan tudu, to nan ruwa ne ba ya zagayawa yadda ya kamata, ko lagireto ya kasa. A nan ƙasarmu, kafin ka zargi cikin lagireto, duba fuskarsa. Hanyoyin ƙauyuka irin su Randagi da Kuyello da Dogon Dawa, da damina taɓo ne, da kaka ƙaiƙayi da 'ya'yan ciyawa, da rani ƙura. Duk suna liƙewa a ramukan lagireto, musamman a tsakaninsa da kwandensar esi, inda ido ba ya gani sai an kwance. Haska tocila ta baya. In haske bai ɓullo ta gaba ba, iska ma ba ta wucewa. A wanke daga baya zuwa gaba, da ruwa mai sauƙi, kada a sa famfon wankin mota mai ƙarfi ya kwantar da siraran ƙarafan. Bayan nan, da inji ya ɗumama an kashe shi, a shafa bayan hannu a hankali a fuskar lagireton, nesa da fanka, domin ta lantarki takan tashi ko an cire makulli. In wani yanki da zafi wani da sanyi, bututun ciki sun toshe. Akwai kuma tiyon ƙasa da ya tsufa ya yi laushi, wanda da an take totur sai wata-famfo ta zuƙe shi ya manne, ruwa ya tsaya. Akwai wata-famfon da fukafukanta suka cinye da tsatsa, ko na roba ne suka sulluɓe daga sandarsu, kana ganin fuli na juyawa amma ciki babu abin da ke motsi.

Wanda kuma allurarsa ke hawa cikin 'yan mintoci da tayar da inji, tiyon sama na zafi lagireto na nan da sanyi, wannan ko ruwa babu, ko iska ta maƙale a ciki, ko tamostat ya ƙi buɗewa.

Tunda na ambaci tamostat, bari in faɗi abin da na san wasu iyayen gidana ba za su so ji ba. Al'adarmu ce, da mota ta sauka daga jirgi, a zare tamostat a jefar, a ɗaure fanka dairek, a ce ai na ƙasar sanyi ne. Ina girmama ku, amma ban yarda da wannan ba. Tamostat yana buɗewa ne a tsakanin digiri 80 da 90, gwargwadon mota, kuma da ya buɗe ruwa na wucewa isasshe. Motocin da ake sayarwa sababbi a Saudiyya da Dubai, inda zafi ya fi namu, da tamostat ɗinsu suke zuwa. Idan ka cire shi, inji zai daɗe bai ɗumama ba da asubar hunturu, ya sha mai, ringi ya ci. A injuna da yawa kuma tamostat ɗin shi ne ke rufe wata gajeriyar hanya ta cikin inji idan ya buɗe ta lagireto. In babu shi, wani ruwan sai ya riƙa kewayawa ta gajeriyar hanyar bai je lagireto ba, mota ta yi zafi a kan gudu, kai kuma kana cewa ai na cire tamostat. In kana zarginsa, gwajinsa ba wuya: jefa shi a tukunyar ruwa a kan wuta. Kafin ruwan ya tafasa ya kamata ka ga ya buɗe baki. In bai buɗe ba, sayi sabo. Ita ma fanka dairek, ɓoye ciwo take yi, tana cin batir, tana kuma ƙonewa da wuri, galibi a ranar da ka fi bukatarta.

Sai ruwan da muke zubawa. Ruwan rijiya da na rafi da na kududdufi suna da laka da gishirin ƙasa. Suna barin dasashi a cikin bututu, suna cin ƙarfe da alminiyam. Kulan, wannan ruwa mai launin kore ko ja, babban amfaninsa a wurinmu shi ne maganin tsatsa da ke cikinsa, yana kuma ɗan ɗaga zafin da ruwa zai kai kafin ya tafasa. A karanta jikin galan, wani an riga an sirka shi, wani sai ka sirka rabi da rabi da ruwa mai tsabta. A kiyaye: guba ne, kuma yana da zaƙi. Kada a zuba shi a gorar lemo a ajiye inda yara suke, kada a malalar da shi inda awaki da kaji ke sha. Masu zuba ɗanyen ƙwai ko garin rogo don su toshe yoyo, na san hali ne ke sa haka a tsakiyar daji. In har ka yi, da ka isa gari a sauke lagireton a wanke, domin abin da ya toshe ramin yoyo zai toshe na ruwa ma.

(Kiɗa kaɗan)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kamo mu, maganar zafin inji muke yi, kuma mun iso kan oyil-kula.

Na ce muku baƙin mai yana ɗaukar zafi. A tafiya mai kyau yana zama tsakanin digiri 90 da 110. In ya wuce haka da yawa sai ya tsinke, ya kasa riƙe tazarar da ke tsakanin karanshaf da metal, ƙarfe ya goga ƙarfe, inji ya buga. Shi ya sa ake sa masa abin sanyayawa. Tsofaffi za su tuna Bosuwaja mai inji a baya, wadda ba ta shan ruwa ko ɗigo. Iska da mai ne ke sanyaya ta, kuma tana da oyil-kula a cikin gidan fankarta. Wannan iri ɗaya ke nan, mai amfani da iska, kamar ƙaramin lagireto da mai ke bi ta ciki. Iri na biyu shi ne ya fi yawa a motocinmu. A Sharon da Golf da yawa, wani ɗan akwatin alminiyam ne da ke zaune a saman filtar mai, tiyon ruwa biyu na shiga jikinsa. A Hilux mai gas yana gefen bulok, a bayan wani murfi. A cikinsa akwai siraran faranti jere, mai na bi ta wannan gefe, ruwa ta wancan, ba sa haɗuwa, sai dai zafi ya ratsa daga mai zuwa ruwa. Katangar da ke tsakaninsu siririya ce ƙwarai. Shekaru da ruwan rijiya suna huda ta, zoben robar da ke bakinta kuma yana bushewa ya tsage.

To mu ɗauka ga Sharon ta shigo gareji da safe, daga Funtuwa. Direba ya ce allura na wuce rabi, baƙin mai kuma yana raguwa amma ba ya ganin ɗigo a ƙasa. Bakanike ya jira ta huce, ya buɗe robar ruwa, ya tsoma yatsa. Ya fito da wani abu mai kauri ruwan ƙasa-ƙasa, kamar kunun gyaɗa, yana yauƙi, ya manne a murfi da bangon robar. Yaran gareji suka haɗa baki, oga, gasket ya ƙone. A nan ne kuɗin mai mota yake tsira ko ya salwanta.

Kafin a taɓa noti ɗaya na tof, a zaro sandar gejin mai. In man da ke jikinta baƙi ne tas, babu fari, bai kuma ƙaru ba, sai ma raguwa, a saurara. A tayar da inji. Yana tafiya sumul, ba ya rawa, babu farin hayaƙi a salansa, babu kumfa na tasowa a robar ruwa. Mai ya shiga ruwa, amma ruwa bai shiga mai ba, wuta kuma ba ta shiga ruwa ba. Wannan ya fi kama da oyil-kula. Dalili kuwa, idan inji na aiki, matsin mai ya ninka na ruwa, sau biyu ko uku ko fiye. In akwai huda a tsakani, mai ƙarfi shi ke kutsawa wurin mara ƙarfi. Sai bayan an kashe inji, matsin mai ya faɗi, na ruwa yana nan, sannan ɗan ruwa kan iya komawa cikin mai, shi ya sa in an bar abin ya daɗe za a ga alamar a duka ɓangarorin.

Tabbatarwa ba ta da tsada. A cire oyil-kula, a toshe bakin ruwa ɗaya, a hura iska ta ɗayan da famfon taya, ba da ƙarfi sosai ba, a nutsa shi cikin bokitin ruwa, in da hali mai ɗumi, domin wata tsagar ba ta buɗewa sai da zafi. In ka ga kumfa na fita ta ramin mai, an kama ɓarawo. Wata dabarar kuma, a irin mai tiyo biyu, a zare tiyon a haɗa su da juna da ɗan guntun bututu, a wanke ruwan, a ɗan zagaya gari. In sabon mai ya daina shigowa ruwa, kai kuma ka ga mai na tsatsafowa ta bakunan da aka bari, magana ta ƙare. Wannan gwaji ne kawai. Kada a bar mota haka a ce an gyara, a ɗauki lodi a shiga daji.

Bayan an sa sabo, da sabon zoben roba, aiki bai ƙare ba. Man da ya shiga ruwa ya shafe cikin lagireto, zafi ba ya ratsawa, shi ya sa allura ke hawa. Sai an wanke da ruwan zafi da maganin wanke lagireto, ko sabulun da ba ya yawan kumfa, a zubar, a sake, a sake, har ruwa ya fito garau. A matsa kowane tiyo, domin mai yana kumbura roba, wanda ya yi laushi ko ya yi ciki a canza shi, in ba haka ba zai fashe a hanya. A yi juye, a canza filta. In za ka sayi na hannu a Panteka ko Kofar Ruwa, ka sa a yi masa gwajin bokiti a gabanka kafin ka biya.

Oyil-kula yana da wani ciwon da ba ya nuna kansa a ruwa. Yakan toshe, ko da dattin mai saboda jinkirin juye, ko da dasashi ta gefen ruwa. Sai mai ya yi ta zafi, allurar ruwa kuwa tana zaune a tsakiya, domin motocinmu ba su da agogon zafin mai. Alamarsa, bayan doguwar tafiya, ka iso tasha ka ɗaga ƙafa, sai jar fitilar mai ta riƙa ƙyaftawa a silo, inji ya ƙara ƙara, in ka zaro geji man ya tsinke yana warin ƙuna. Kada ka ce suwic ne ka sa a cire waya. A auna matsin man da agogo, a duba oyil-kula, a duba metal. Ga kuma wata da nake roƙon kanikawa su riƙe: injin da ya buga aka sake shi, kada a mayar masa da tsohon oyil-kula. Ɓurɓushin metal yana maƙalewa a tsakanin farantan nan, wanki ba ya fitar da shi duka, daga baya ya saki ya cinye sabon aikin.

Mai mota otomatik, kai in ka ga ruwan lagireto ya koma ja-ja mai kauri, ka duba man giya. A motoci da yawa abin sanyaya man giya yana cikin lagireton ne, in ya huje sai su gauraya, giya ta lalace. Wannan ba ruwan gasket.

Ba ina cewa gasket ba ya ƙonewa ba ne. Yana ƙonewa, kuma yana da nasa alamomin. Ruwa na ɓacewa babu yoyo. Farin hayaƙi mai kauri a salansa ko bayan inji ya ɗumama. Da safe inji na rawa kafin ya daidaita. Ka tayar da shi da sanyi, cikin ɗan lokaci tiyon sama ya yi tauri, kumfa na ta tasowa a bakin lagireto ba ƙaƙƙautawa. Ka kwance fulogi ka ga ɗaya ya fita fes kamar an wanke shi, sauran da baƙi. In an ga waɗannan, a sauke tof, a ɗora masa ƙarfe miƙaƙƙe a ga ko ya lanƙwashe, in ya lanƙwashe a kai shi girandin, a duba ko ya tsage, a ɗaure notinsa da sifana mai awo, bi da bi yadda littafin motar ya ce. Sannan a tambaya, me ya ƙona shi? Galibi zafi ne ya ƙona gasket, kuma wani abu ne ya kawo zafin. In ba a gano fanka ko murfi ko lagireton da ya jawo ba, sabon gasket ma zai bi na da. Ɗan farin kitsen da akan gani a ƙasan murfin zuba mai da hunturu ko damina, a motar da ba ta doguwar tafiya, sau da yawa raɓa ce kawai. A goge, a yi tafiya mai nisa, a sake dubawa.

Yanzu, ga ka a hanya, tsakanin gari da gari, allura ta tashi. Kashe esi nan take. In hitar motarka na aiki, kunna ta har ƙarshe ka sauke gilasai, fasinja za su yi ƙorafi amma tana janye zafi daga inji. Rage gudu, sauko da giya, kada ka bar inji yana nishi a babbar giya. In allura ta sauko, lallaɓa zuwa gari mafi kusa. In ta shiga ja, ko ka ga tururi, ko fitilar mai ta kama, tsayawa ta zama dole. Akwai wata yaudara da ta kashe injuna da yawa: allura ta hau, can sai ta faɗo da kanta, direba ya ce alhamdu lillahi ta huce. Sau da yawa ruwa ne ya ƙare ƙaf, sansa ba ta taɓa komai. In hita ta koma busa sanyi a lokacin, to tabbas ruwa babu. Idan wurin da kake ba wurin tsayawa ba ne, rayukan da ka ɗauko sun fi inji, wannan babu gardama. Ka matsa kaɗan, ka tsaya ka kashe, ta ɗan huce, ka sake matsawa. Kada dai ka kashe inji mota na tafiya, birki da sitiyari za su yi tauri.

Da ka tsaya, ɗaga bonet, ka ba ta aƙalla minti 30. Yaron mota, da kai nake: kada ka buɗe murfin lagireto da zafi, ko oga ya ce yi sauri. Ruwan da ke ciki ya wuce digiri 100, matsi ne ya danne shi, da ka saki murfi zai yi tsiri ya wanke maka fuska da ƙirji. Sai tiyon sama ya yi laushi, ka sa tsumma mai kauri, ka murɗa kaɗan, iska ta fita, sannan ka buɗe. Kada a kwara ruwan sanyi a kan tof mai zafi, yana tsagewa. A zuba ruwa a hankali, inji na silo. In tsautsayi ya sa wani ya ƙone, a riƙa zuba ruwa mai sanyi mai tsabta a wurin har minti 20, a rufe da ƙyalle mai tsabta, a kai asibiti. Ba baƙin mai, ba ƙwai, ba man goge baki.

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Da asuba, kafin a kira lodi, inji na sanyi, duba ruwa da launinsa, duba geji, matsa tiyo, taɓa fambel, leƙa ƙasan mota. Tayar da ita ka jira har fanka ta tashi ta kuma tsaya da kanta. Ajiye jarkar ruwa mai tsabta, da fambel, da fis, da kilif, da murfi na ajiya. Masu Hilux mai turbo, in kun sha gudu kun iso, ku bar inji ya yi silo minti ɗaya ko biyu kafin ku kashe, mai ya zagaya ya sanyaya turbo. Shugabannin tasha, ku ma kuna da ta cewa: motar da aka ga tana amai a layi, a ce wa direbanta ya je gareji, a riƙe masa layinsa har ya dawo, domin tsoron rasa layi ne ke sa mutum ya ɗauki fasinja da motar da ya san ba ta da lafiya.

Lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi maganar birki da taya a kan lodin masara. Wanda ke da tambaya a kan motarsa ya aiko, ya faɗa mana irin motar, da lokacin da take zafin, da launin ruwan lagiretonta.